Masu mata biyu, in za ku tashi daga gida ku ji wannan

Kar ka kuskura ka haɗa kayansu a mota ɗaya. Kowacce a kwashe nata daban, in da hali ma rana daban, uwargida ta fara.

Za ka ce ai kuɗin mota ya ninka. Eh, amma a-kori-kura sawu biyu ya fi maka sauƙi a kan rigimar da za ta biyo baya, domin kuloli da tukwane da bokitai duk kamarsu ɗaya, yaran da ke lodi kuma ba ruwansu, inda suka ga wuri nan suke turawa, ana saukewa sai ka ji wance ta ce ba ta ga turminta ba.

Kowacce ta samo 'yar uwarta ta tsaya kan kayanta. Gwal da kuɗi da takardu su riƙe a jaka, ban da mota.

Ɗaki kuwa a raba tun kafin ranar, kar sai kaya na ƙofar gida.

Inda dabarar ba ta ci shi ne in garin da nisa, kamar Kano zuwa Abuja, dole mota ɗaya. To nan ka sayi fenti kala biyu, a shafa wa kowane buhu da kwali alama.