Yadda zaka nemi gurbi a ƙananan kwalejojin Amurka ko da gidanku ba masu hali bane

Duk wanda ya tashi maganar karatu a Amurka Harvard yake kira ko MIT, sai kace su kaɗai ne makarantu a ƙasar. Alhali akwai wasu ƙananan kwalejoji da ake ce ma liberal arts, yawancinsu ɗaliban gaba ɗaya basa wuce 2,000 ko kusa da haka, digirin farko na shekara huɗu suke yi, kuma wasunsu suna da dukiya a ajiye da ta isa su ɗauki nauyin yaron da ya fito daga Kano ko Damagaram, kuɗin makaranta da abinci da ɗakin kwana duka. Kar sunan kwaleji yasa ka zata NCE ce, cikakken digiri ne. Marigayi Kofi Annan ma irinta yayi, Macalester College dake St. Paul a jihar Minnesota, ya gama a 1961.

Mataki na farko, ka fahimci irin karatun kafin ka ɓata lokacinka. A can ba a shiga da kwas kamar yadda JAMB ta saba mana, makarantar kake nema ba sashe ba, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu zaka bayyana fannin da zaka ƙware a kai. Kafin nan kana iya ɗaukar lissafi da tarihi da kimiyyar kwamfuta da falsafa duk a zango ɗaya. Amherst a Massachusetts ma babu wasu darussan dole masu yawa, kai da malamin dake baka shawara zaku tsara abinka, kuma in wani darasi babu shi a wajensu zaka iya hawa bas ka ɗauke shi a Smith ko Mount Holyoke ko jami'ar UMass dake kusa dasu. A Williams akwai wani tsari da ɗalibi biyu ne kacal da farfesa ɗaya, wannan satin kai ka rubuta takarda ɗan'uwanka ya yi mata filla-filla, sati mai zuwa ku yi musanya. Toh kaga babu bencin baya da zaka ɓuya, in baka yi karatun da aka baka ba fuskarka ma zata nuna.

Amma ga abin da ya kamata Baba da Mama su ji tun yanzu: a Amurka likitanci da lauya ba digirin farko bane, sai ka gama wannan shekara huɗun sannan ka nemi makarantarsu. Injiniyanci kuma kaɗan ne cikinsu ke yi, irin su Swarthmore da Smith da Harvey Mudd. In dole MBBS kake so kai tsaye, wannan ba hanyarka bace, gara ka sani yau.

Mataki na biyu, zaɓen makarantu, kuma ni a ganina da aljihu ake farawa ba da suna ba. Kuɗin shekara ɗaya a manyan cikinsu ya haura dala 80,000, wa zai biya wannan? Abin da zaka bincika a shafin kowace makaranta shine shin suna ba ɗaliban ƙasashen waje tallafi, kuma shin suna cike duk giɓin da iyaye suka kasa. Amherst, da kuma Bowdoin dake jihar Maine, basa duba ƙarfin aljihunka wajen yanke hukuncin ɗaukarka ko daga wace ƙasa kake, in sun ɗauke ka kuma tallafi zasu baka ba bashi ba. Sauran da yawa suna bada tallafi mai kauri amma suna duba nawa zaka ci musu kafin su ce eh, wato mai neman tallafi gasarsa tafi zafi. Sai Berea College a Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ita ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi amma kowa sai yayi aikin makaranta aƙalla awa 10 a sati, tsarin nemansu ma daban ne sai ka karanta shi a shafinsu. 'Yan mata ku duba Mount Holyoke da Smith da Wellesley da Bryn Mawr, makarantun mata ne, wannan kaɗai ya kan sa hankalin iyaye ya ɗan kwanta. Kar ka tara manya zalla, ka haɗa da waɗanda ba a cika jin sunansu ba, don Amherst ɗin nan cikin masu nema goma da ƙyar take ɗaukar ɗaya.

Na uku, takardu. Common App ne shafin da yawancinsu ke amfani dashi, yana buɗewa 1 ga Agusta kowace shekara, fom ɗaya zaka cike ka tura ma makarantu har 20. Zasu buƙaci rifot ɗinka na SS1 zuwa SS3, sakamakon WAEC in ya fito, wasiƙar shaida daga shugaban makaranta ko malamin bada shawara, da wasu wasiƙun daga malaman da suka koyar da kai, yawanci biyu. Nan ne ake shan wahala wallahi, domin malaman ne zasu ɗora da kansu ta imel ɗinsu, kuma malamanmu sun saba da layi uku na "yaro ne mai ladabi da biyayya". Wannan ba zai yi ba. Ka je wajen Malam da wuri, wata biyu kafin a rufe, ka gaishe shi ka zauna ka tuna masa abubuwan da kayi a ajinsa, ka roƙe shi ya kawo misali na gaske. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru masu takardun Faransanci sai an fassara su zuwa Turanci an haɗa da na asalin.

Jarrabawar Turanci kuma TOEFL ko IELTS ko Duolingo, wannan na ƙarshen yafi araha kuma a gida ake yinsa da laftof, sai dai ka tabbatar da wuta da netwok. Wasu makarantun in ka nuna musu da Turanci kayi sakandare zasu yafe maka, tambaya kawai zaka yi ta imel. SAT, wato jarrabawar Turanci da lissafi ta neman shiga jami'a a Amurka, da yawan makarantun basu wajabta ba, Bowdoin tun 1969 ta bar ma ɗalibi zaɓi, amma in kana da hali kayi ka ci da kyau toh ka tura, domin basu san makarantarku ba, makin zai musu magana. Kuɗin fom ma ana yafewa, akwai wajen neman haka a cikin Common App ɗin.

Na huɗu shine insha'i, kuma anan zan daɗe. Kalma 650 ce iyaka. Mutanen dake karantawa sun ga dubban yara masu A jere, abin da suke nema shine wane irin mutum ne zai zo ya zauna a ajin mutum 15 ya buɗe baki yayi magana. Yaranmu kuma sai su cika takarda da "tun ina ƙarami nake son taimakon al'umma", wanda kowa ma zai iya faɗa. Rubuta abu ɗaya ƙarami da ka sani ciki da bai. Kana tsaron shagon babanka a kasuwa bayan an tashi makaranta, kai ke riƙe da littafin bashi? Ke ce ke koya ma ƙannenki karatu kuna raba fitila ɗaya? Ka sauke Alƙur'ani, ka san me ake nufi da tashi da asuba shekara da shekaru kana tilawa? Duk waɗannan abin rubutawa ne, kuma a wajen da aka ware na ayyuka 10 ma ka sa su, domin aikin gida da sana'a suna lissafa su. Kar ka mai da insha'in kuka da roƙo, ka nuna yadda kake tunani. Kuma kar ka ba wani ejan ko ChatGPT ya rubuta maka, muryar ɗan shekara 18 daban take, sun iya ganewa. Bayan babban insha'in kowace makaranta tana iya ƙara nata ƙanana, irin "me yasa mu?", anan sai ka ambaci wani darasi ko tsari nasu da ka karanta da gaske, ba yabon da zai dace da kowace makaranta ba.

Na biyar, fom ɗin tallafi. Yawanci CSS Profile ne na College Board, hukumar dake shirya SAT, wasu kuma suna karɓar wani fom ɗin kyauta na ɗaliban waje. Zasu tambayi abin da iyaye ke samu a shekara, gida, gona, yara nawa ke makaranta. In Baba ɗan kasuwa ne ko manomi ba shi da takardar albashi, ku zauna ku yi lissafi na gaskiya ku rubuta bayani, in gidan mata biyu ne da 'ya'ya 14 ku faɗa. Kar kunya tasa ka ce zaku iya biyan abin da baku da shi, kuma ka nemi tallafin tun lokacin neman gurbi, da yawansu in baka nema a farko ba ba zasu baka daga baya ba.

Na shida, lokaci. Akwai neman wuri da suke kira Early Decision, ana rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa a Disamba, amma alƙawari ne, makaranta ɗaya tak kuma in ta ɗauke ka ka janye sauran, sai dai in tallafin bai isa ba. Na gama-gari farkon Janairu ake rufewa, amsa zuwa ƙarshen Maris, kai kuma ka basu taka amsar kafin 1 ga Mayu. In kana kusa da Abuja ko Legas ka leƙa EducationUSA na ofishin jakadancin Amurka, ba masu neman karatu a can shawara shine aikinsu.

In an dace, makaranta zata aiko maka da I-20, takardar da zaka nemi biza da ita, ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, sannan intabiyu na bizar ɗalibai da ake kira F-1. Sai dai a kula, a 2025 gwamnatin Amurka ta sa takunkumin shiga a kan wasu ƙasashe, Chadi da Sudan tun watan Yuni, a ƙarshen shekarar aka ƙara da Nijar da Najeriya, don haka ka bincika halin da ake ciki tun kafin ka fara kashe kuɗi, kuma ka tambayi makarantar ko zata ajiye maka gurbin zuwa wata shekara in biza ta ƙi.

Kafin ka ce eh, tambayi yadda zaman yake. Kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, shekarar farko da abokin ɗaki da su zasu zaɓa maka, kuma wasu benayen maza da mata a haɗe suke har banɗaki, in baka so ka faɗa a fom ɗin ɗaki tun farko, haka ma akwai ɓangaren da ba a shan giya. Rubuta ma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta Kirista ta makarantar, ka tambaye su naman halal a ɗakin cin abinci, ina ake Juma'a, ya ake da sahur in azumi yazo. Da yawan makarantun a ƙananan garuruwa suke, Grinnell dake Iowa garin bai kai mutum 10,000 ba, gonakin masara ne ko ta ina, sanyi kuwa hunturunmu wasa ne. Bizarka ta baka damar aiki a cikin makaranta har awa 20 a sati, laburare ko kicin, ya isa sabulu da kati amma ba na aikowa gida bane, a gaya ma 'yan'uwa tun kafin ka tashi. Sannan ka tambayi ofishin tallafi a rubuce ko abin da suka baka ya haɗa da inshorar lafiya da tikitin jirgi da rigar sanyi, da kuma inda zaka zauna in an rufe ɗakunan kwana lokacin hutun Disamba.