Yadda ake sa waya ta nuna hanya da sauti mai alƙibla

Mutum yana gane inda ƙara ta fito ne domin wadda ta taso daga dama takan riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sannan kai ya tare ta ya rage mata ƙarfi kafin ta kai hagu. Wannan bambancin waya take kwaikwaya, har a ji muryar da ke faɗin sunan wuri tana fitowa daga ɓangaren da wurin yake.

Da farko a saka iyafis a kunnuwa biyu, kowanne a gefensa. Al'adar saƙala guda ɗaya, wadda ta zama ruwan dare a titunan Garwa da Marwa na Kamaru, tana rushe aikin gaba ɗaya. A kuma duba saitin sauƙaƙa amfani na wayar, a kashe zaɓin mono, wanda ke haɗe sautin dama da na hagu ya zama ɗaya.

Sai a sauke manhaja. Kamfanin Microsoft ya fitar da Soundscape a 2018 domin makafi, ya dakatar da ita a 2023 bayan ya buɗe tsarinta ga kowa, kuma a kansa aka gina VoiceVista ta iPhone. Irin wannan manhaja tana ɗauko sunayen wurare daga taswirar OpenStreetMap, wadda ba lallai ta san lungun unguwarku ba, saboda haka ya fi kyau mutum ya tsaya a ƙofar gida ko masallaci ko rumfarsa ta kasuwa ya dasa alamar wurin a cikin manhajar da kansa.

Kafin a dogara da ita, a gwada ta a hanyar da aka sani sarai. A juya wayar a iska kamar ana rubuta 8 domin kamfas, wato manunin alƙibla na wayar, ya daidaita, a zaɓi alamar, a riƙe wayar a kwance tana kallon gaba, sannan a juya jiki a hankali har sautin alamar ya dawo tsakiya. Gaba da baya sukan rikita kunne. Ɗan juyi kaɗan yakan warware su.

Kada a ƙure ƙara. Inda 'yan mashin ke kutsawa ta ko'ina, na'urar da ke aika sauti ta ƙashin gefen fuska ta fi dacewa a ganina, tunda tana barin kunne a buɗe. GPS kan yi kuskuren mitoci da dama kuma yana cin batir, don haka makaho ya ci gaba da riƙe sandarsa, a kuma cika caji kafin a fita.