Yadda Za Ka Gane Ko Girki Ya Fi Maka Sayen Abinci Sauƙi a Zariya

Da uwargida ta tafi wankan gida bayan haihuwar fari, sai na koma gwauron ƙarfi da yaji na kwana arba'in da 'yan kai. Satin farko ko kicin ban leƙa ba. Da safe ina teburin mai shayi a bakin titin Samaru, da rana ina wurin wata Hajiya mai abinci kusa da wurin aikina a unguwar Kongo, da dare kuwa duk abin da ya samu. Wata rana aka ajiye min malmala ta koma kamar ƙwan agwagwa, na ce, "Hajiya, yau tuwon nan jinya ya yi ne?" Ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba ta ce, "Malam, ko in rage malmala ko in ƙara kuɗi, ka zaɓa." Bayan sati biyu ta yi duka biyun.

Ban ga laifinta ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Da hatsi ya ɗan sauko a 2025, faranti bai biyo shi ƙasa ba, domin ba shinkafa kaɗai kake biya a gidan abinci ba. Akwai haya, da gas ko gawayi, da ɗan garuwa, da yaran da ke wanke-wanke, da man janareta.

Kowa zai ce maka girki ya fi araha. Sau da yawa haka ne, amma ba a kowane abinci ba, kuma ba ga kowa ba. Kuskuren da muke yi shi ne mu gwada kuɗin faranti da kuɗin mudu. Faranti da faranti ake gwadawa. Ga yadda na yi nawa lissafin.

Mataki na farko: ka yi sati guda kana rubuta abin da kake kashewa a waje

Kada ka canza komai a satin nan, ka ci yadda ka saba. Ka dai samu ɗan littafi ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, duk abin da ya fita daga aljihu saboda ciki ka rubuta shi nan take. Ba kuɗin abincin kaɗai ba: ruwan leda, lemon kwalba, kuɗin roba idan an zuba maka ka tafi da shi, kuɗin acaɓa ko keke idan takanas ka fita don cin abinci, har da cajin mai POS.

Akwai kuma layin da ba mu son rubutawa. Kana zaune a teburin mai shayi sai wani abokin aiki ya yi sallama, kunya ta sa ka ce, "Mai shayi, a haɗa wa Malam shi ma." Wannan ma rubuta shi. Ban ce ka daina ba, alheri ne, amma ka san nawa yake ci. Ni dai da na tara lissafin sati, abin da ya fi ba ni mamaki ba tuwon Hajiya ba ne, 'yan ƙananan nan ne da nake ɗauka ba komai ba.

Mataki na biyu: ka mayar da mudu faranti

Nan ne ainihin aikin yake. Ka samu gwangwanin madara wanda ba komai ciki, ka auna mudunka ka ga gwangwani nawa yake ci. Nawa takwas yake ɗauka, amma ka auna naka, domin mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, balle tiya. Daga nan sai ka lura da gwangwani nawa ke ƙosar da kai a zama ɗaya.

Bari mu ɗauki garau-garau, tunda shi ne abokin gwauro da ɗalibi. Kuɗin da zan sa a nan misali ne kawai, kai sai ka cire su ka sa farashin da ka tarar yau a kasuwa. A ce mudun shinkafa 'yar gida naira 2,000 ne, gwangwani ɗaya ya tashi 250. A ce mudun wake 1,600 ne, rabin gwangwani ya tashi 100. Kwalbar man gyaɗa ta 2,400 idan ta yi maka zubi ashirin, kowane zubi 120 ke nan. Yaji, albasa, gishiri da magi ka ba su 80. Jimla naira 550 kafin a kunna wuta.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce, "Ka gani ko? Abin da Hajiya ke sayar min 1,200!" Ka dakata tukuna, ba a ci ɗanye.

Miya ta fi wuyar lissafi, amma hanyar ɗaya ce. Ka haɗa kuɗin cefanen tukunya guda, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, mai, nama ko kifi, da kuɗin markaɗe, sannan ka ƙirga sau nawa aka zuba kafin a ga gindin tukunya. Naman ka ƙirga shi da yanka: idan rabin kilo ya ba ka yanka goma sha biyu, ka raba, ka gwada da abin da ake karɓa a kan kowace tsoka a gidan abinci. A nan ne za ka ga ratar da ta fi kowace girma.

Mataki na uku: ka sa kuɗin wuta

Ranar da ka cika tukunyar gas ka rubuta kwanan wata a jikinta, sannan duk girkin da ka yi ka ja ɗan layi a takarda har ta ƙare. A ce ka zuba kilo 3 a kan naira 3,600, ya yi maka girki 24. Kowane girki naira 150 ke nan. Mai amfani da gawayi shi ma haka zai yi da buhunsa ko ƙullinsa. Na'urar girki ta lantarki kuwa, sai wanda ya amince da wutar unguwarsu.

To garau-garau ɗinmu ya koma naira 700, a waje kuma 1,200. Ratar 500 ce. Tana da ƙanƙanta a ido, amma sau biyu a rana har wata guda naira 30,000 ce, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake 70,000 tun 2024.

Wake ne ke shan gas. Ka jiƙa shi tun dare, ko aƙalla awa biyu kafin ka ɗora. Ka rufe tukunya, idan ta tafasa ka rage wuta, domin ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi don ka buɗe masa gas. Na daɗe ina wannan wauta kafin wata maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta jiyo ƙugin wutata ta katanga ta ce, "Ɗan nan, girki kake ko walda?"

Mataki na huɗu: ka ƙirga bakuna, ka ƙirga asara

Wutar da za ta dafa gwangwani ɗaya da kaɗan za ta ƙaru ta dafa huɗu. Gidan mutum huɗu, a misalinmu na sama, kayan haɗi 2,200 ne, wuta a ce 200, duka 2,400. A waje kuwa 4,800. Don haka mai iyali ba shi da wata muhawara, tukunya ta yi nasara tun kafin a fara.

Mutum ɗaya ne lissafi ke iya juye masa, kuma asara ce ke juya shi. A sati na uku na shiga kasuwar Sabon Gari na tarar tumatir ya yi araha, na ciko leda babba ina murna. Na markaɗa, na yi miya tukunya guda, na sa a firji. Daren nan aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan kwana uku. Da na buɗe murfin, kumfa ce ta gaishe ni. Miyar da na yi niyyar ta kai ni sati, sau biyu na ci. Idan ka raba kuɗin cefanen nan gida biyu, kowane zubi ya fi na gidan abinci mai fanka da talabijin tsada. Saboda haka ka raba kuɗin tukunya da abin da ka ci, ba da abin da ka dafa ba.

Mataki na biyar: ka raba abinci gida biyu, na dafawa da na saye

Idan ka yi wannan lissafi a kan abinci biyar ko shida da ka fi ci, da kansu za su rabu.

Waɗanda ke da arahar dafawa su ne masu tukunya ɗaya da aiki kaɗan: garau-garau, dafa-duka, taliya da mai da yaji, dankali, doya. Shayi da burodi da soyayyen ƙwai ma suna nan, domin a teburin mai shayi kuɗin hira muke biya fiye da kuɗin madara. Sai kuma uban tafiya, fate. Kanawa su yi ta tsokanarmu da shi, amma a wannan zamani babu abincin da ya kai shi rufin asiri. Tsakin masara, rama ko yakuwa ko alayyahu, ɗan wake, dakakkiyar gyaɗa, kayan miya kaɗan, tukunya ɗaya, wuta ɗaya, gida ya ƙoshi.

Waɗanda saye ya fi su ne masu jiƙo da surfe da markaɗe da suya cikin mai mai yawa. Ƙosai, waina, awara, alale. Idan don kai kaɗai ne, kafin ka biya mai inji ka cika kasko da mai, matar da ke bakin layinku ta riga ta fi ka sauƙi, saboda ita man da wutar na mutum hamsin ne. Fura da nono ma ka bar wa masu ita.

Akwai kuma hanyar tsakiya, wadda na fi jin daɗinta. Tuƙa tuwo saboda malmala biyu wahala ce. Sai na riƙa kaɗa miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa a gida, minti kaɗan, da daddawa da ɗan busasshen kifi, in biya in sayi tuwo zalla. Ranar farko Hajiya ta dubi kwanona ta ce, "Malam, miyar tawa ce ta yi laifi?" Na ce, "A'a Hajiya, naman ne ya fi ƙarfina." Ta yi dariya ta ƙara min rabin malmala.

Mataki na shida: ka gyara cefane

Awo da gwangwani a shagon unguwa shi ne hanya mafi tsada ta sayen hatsi. Idan albashi ya shigo, ka sayi shinkafa, wake, garin masara da mai na wata guda a Sabon Gari, Tudun Wada ko kasuwar Samaru, wadda ta fi kusa da kai. Kasuwar Giwa da ke hanyar Funtuwa tana da sauƙin hatsi, musamman da kaka, amma kada ka je can saboda tiya biyu, kuɗin mota zai cinye ribar. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sayi buhu ku raba. Wake ka zuba shi a jarka mai murfi ka toshe sosai, ƙwari ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga.

Kayan gwari lokaci gare su. Da sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da masu noman rani na fadamar Galma da ƙauyukan kewaye ke ɗiba, tumatir yakan faɗi warwas. Da an shiga damina sai ya zama gwal. A lokacin arahar ka saya ka yanka ka shanya ya zama kauɗa, haka tattasai da attaruhu. Wanda za ka ci a kusa kuma ka markaɗa, ka tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ka soya da mai, ka riƙa ɗumamawa safe da yamma. Da na san wannan tun farko, da miyata ba ta yi kumfa ba.

Mataki na bakwai: ka sa wa lokacinka kuɗi

Wanda ke fita tun bayan asuba ya dawo bayan isha, ko ɗan kasuwar da rufe shago na awa ɗaya zai sa ya rasa cinikin da ya fi naira 500, kada ya bari kowa ya sa shi jin kunyar sayen abinci. Haka ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a makon jarrabawa. Ga sauranmu, dabarar ita ce girki ɗaya ci biyu. Ka dafa da dare yadda zai ragu, da safe ka ɗumama shi ya yi zafi sosai, ka zuba a kula ka tafi da shi aiki. Shinkafa dai kada ta wuni a buɗe cikin zafin Afrilu. Abincin rana shi ne ya fi cin kuɗi a waje, don haka ko shi kaɗai ka ɗauke ka rage kaya mai yawa.

Duk lokacin da ka sake cika gas ka maimaita lissafin, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ka kuma ba wanda ya fi ka sanin kicin ya duba maka. Da uwargida ta dawo na miƙa mata littafina ina taƙama. Ta bi shi layi-layi, jariri na kafaɗarta, sannan ta ce, "Maigida, ina kuɗin ruwa? Ina sabulun wanke-wanke? Ko kwanukan da kansu suke wanke kansu?" Muka ƙara naira 50 a kan kowane faranti, garau-garau ya koma 750.