Yadda za ka daidaita sautin sifika a falonka

Gidajen Yamai da yawa bangon siminti ne da daɓe mai santsi, shi ya sa sauti ke dukan bango ya dawo, kiɗa ya yi kauri, murya ta ɓace. Kafin ka nufi kasuwar Katako neman sabuwar sifika, gwada wannan.

Da farko mayar da maɓallan bas (sauti mai kauri) da tirebul (siririn sauti) tsakiya, wato kan 0.

Sai ka duba wayoyin baya: ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi, a sifikun biyu. In ɗaya ta juye, bas zai yi rauni.

Na uku, kuma a nan aikin yake: fitar da sifikun daga kusurwa. Kusurwa tana kumbura bas har ya danne komai. Janye su kamar santimita 50 daga bango. In tazarar da ke tsakaninsu mita 2 ce, kujerarka ma ta kasance mita 2 daga kowacce, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti kuma ya yi daidai da kunnenka in kana zaune. Kar ka aje su ƙasa, ko da uwargida ta ce sun fi kyau a can.

Shimfiɗa kafet, ka rataya labule mai kauri; su ke shanye kaifin sauti.

Yanzu kama labaran Hausa na gidan rediyon Muryar Sahel, bayan su ka sa kiɗan kalangu. In murya na fitowa kamar daga cikin randa, rage bas kaɗan. In tana sukar kunne, tirebul za ka rage. Ragewa ta fi ƙarawa, don ƙari na wahalar da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi.