Yadda Ake Fita Shan Shayin La'asar da Yara a Ingila

Wata basarakiya, Anna ta Bedford, aka ce ita ta ƙirƙiro shayin la'asar wajen 1840, saboda yunwa na damunta kafin abincin dare. Yau ya zama fita ta musamman, kuma matan mu da suka zo nan sababbi suna son kai yara. Na ga da yawa sun dawo gida da ɓacin rai da aljihu wayam. Ga yadda nake yi.

Ki manta da Ritz, babban otal ɗin nan na Landan, tukuna. Can mutum ɗaya ya haura fam 70, maigida sai ya sa kwat da laktaye, yaro kuma ba ya zama shiru awa ɗaya da rabi. Ki fara da ɗakin shayin wani lambu ko gidan tarihi na National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, inda akwai filin da za su yi gudu bayan an gama. Idan kuɗi ya yi wuya, ki nemi ƙaramin tsarin, wato shayi da sikon kawai, wani ɗan gasasshen fulawa mai kama da burodi da ake shafa wa kirim da jam. Ni a ganina ma ya fi daɗi.

Yanzu ga inda na sha kunya. Abincin yana zuwa a faranti mai hawa uku: sanwici a ƙasa, sikon a tsakiya, kek a sama. Hawan ƙasan nan, wanda hannun yaro ke fara kaiwa, a nan ake jera na naman alade gefen na ƙwai da na kokwamba, duk an yanka su siri-siri kamar 'yan uwa ɗaya. Fitarmu ta farko ban faɗa wa masu wurin komai ba. Kafin in ajiye jaka, autana ya cafki ɗaya ya nufi baki da shi. Na fizge, ya tsala ihu, tsofaffin Turawan da ke teburin kusa suka juyo gaba ɗaya suna kallonmu. Rabin farantin haka muka bar shi, kuma muka biya.

Saboda haka ki kira su tun ranar kama wuri, kada ki bari sai kin zauna. Ki ce tsarin marasa cin nama kike so, ko mai kifi. Ya fi sauƙi da neman kazar halal. Kada ki tsaya a nan. Ki tambayi kek ɗin: akwai jelatin, sinadarin daskarar da kayan zaƙi da akan samo daga jikin dabba, har da alade? An zuba giya a ciki? Yawancin masu santsin nan da ke sheƙi a hawan sama su ne abin tuhuma. Ranar da kuka je ki sake maimaitawa ga mai kawo abincin, don saƙon waya kan ɓata a hanyar kicin.

Lokaci: ƙarfe biyu. A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin huɗu, in kin kama wurin uku da rabi, Magariba za ta same ki a kan kujera. Ki ba yara ɗan abu su ci a gida. Mai yunwa ba ya jiran buta.

Shayin kuwa, yaran da suka saba da haɗin mai shayi, madara har ta yi kauri, ba za su sha shayin Earl Grey ba, ƙamshin lemonsa sai su ce turare ne. Ki karɓar musu koko mai zafi, butar kuma ki ja ta gefenki.

Sikon da hannu ake raba shi biyu. Mutanen yankin Devon kirim suke fara shafawa, na yankin Cornwall jam. Ni jam nake farawa, kuma haka ake yi a gidana. Abin da ya rage ki ce a sa miki a kwali, ba wanda zai yi miki kallon rowa. Ki duba takardar kuɗi kafin ki ƙara tukuici, sau da yawa sun riga sun ɗora kashi 12.5 cikin ɗari.