Yadda Ake Zana Taswirar Tuddai da Kwarurukan Afirka

Na sha duba taswirorin masu koyon labarin ƙasa, kuskuren kuwa kusan ɗaya ne kullum. Da mutum ya fitar da siffar nahiyar, sai ya hau dasa 'yan tsaunuka masu tsini nan da can, ya shafe tsakiya da kore, ya ce ya gama. Alhali Afirka, in ka cire tsaunukan Atlas da 'yan wasu wurare, ƙaton tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai, kamar faranti a kife, wanda ya lotsa a wasu sassa.

Ba zan tsaya kan zana gaɓar teku ba. Ɗora takarda mai shara-shara a kan taswirar littafi ka bi layin, ba haramun ba ne. Fensirin kala huɗu sun isa: kore, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa da shuɗi. Babban kwali asarar kuɗi ce kawai.

Da farko ja layi marar nauyi daga bakin kogin Kwango, ka lanƙwasa shi ta kudu da gabashin kwarin Kwango da fadamar Sudd, zuwa gaɓar Bahar Maliya, arewa da Habasha. Kudu da gabashin layin nan ƙasa ce mai bisa, yawancinta ta haura mita 1,000 daga doron teku. Arewa da yammacinsa kuwa ƙasa ta kwanta. Kada ka taɓa kala sai ka ja layin nan.

Sai kwaruruka, kuma su ne kafin tsaunuka ko da me littafinka ya fara. Kewaye guda biyar: na Kwango, na tafkin Chadi, na tsakiyar kogin Neja a Mali, na fadamar Sudd a Sudan ta Kudu, da na Kalahari. Tazarar da ta rage a tsakaninsu ita ce tuddan.

To, ga inda ni kaina na taɓa shan kunya: shafa kala. A irin wannan taswira kore ba ya nufin ciyawa ko daji, yana nufin ƙasa ba ta da bisa. Ruwan ƙasa kuma ba ƙarancin ruwan sama yake nufi ba, bisa yake nunawa, ruwan ɗorawa kuwa na tsakaninsu ne. Ni kuwa na shafe Sahara kaf da ruwan ɗorawa don raina ya ba ni rairayi ne, na yi wa Habasha kore shar saboda damina. Duka biyun shirme ne. Kwarin Qattara a Masar ya nutse mita 133 ƙasa da doron teku, saboda haka kore ya dace da shi ko da babu tsiro ɗaya. A cikin Saharar nan dai akwai tsaunin Emi Koussi na duwatsun Tibesti a Chadi mai mita 3,415, ga Ahaggar a Aljeriya, ga duwatsun Azbin a Nijar, duk ruwan ƙasa suke so. Kalahari ma tarko ce. Kwari ce, amma kwarin da ke zaune a kan tudu, kusan mita 1,000 sama, don haka kore bai shafe ta ba. Kafin ka shafa kowace kala, duba adadin mita, ka manta da hoton wurin da ke cikin kanka.

Koren bakin teku kuma a yi shi siriri kamar zare. Sai a wurare irin su Muzambik, Somaliya da yankin Senegal ne zai ɗan yi faɗi. Ƙuncin nan ne ya sa koguna ke faɗowa daga gefen tudu, har jirgin ruwa ba ya iya bin kogin Kwango daga Matadi zuwa Kinshasa.

Yanzu ka tsaga gabas da layuka biyu na babban kwarin da darewar ƙasa ta samar, wato Rift Valley, mai rassa biyu. Tafkin Tanganyika, mai zurfin mita 1,470, yana cikin reshen yamma. Tafkin Victoria yana tsakanin rassan biyu, kada ka cusa shi cikin ɗaya.

Tsaunuka masu tsini su ne na ƙarshe: Kilimanjaro mita 5,895, tsaunin Kenya 5,199, Toubkal na tsaunukan Atlas 4,167. Zizara koguna da shuɗi daga tudu zuwa kwari. In Neja ya fito maka daga tuddan Gini ya fara nufar arewa maso gabas, ya ba teku baya, daidai ka zana. Rubuta ma'anar kowace kala a kusurwa.