Sandar wanki mai bututu biyu: yadda take aiki da yadda ake riƙe ta

Duk wanda yake wanke tarakta bayan ta fito daga gonakin shinkafa na Kura ko Auyo ya san wahalar sauya nozul, wato ɗan bakin da ruwa ke fita ta cikinsa a injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi. Za ka fesa sabulu, ka tsaya ka cire, ka ɗaura na ɗauraya, hannu duk santsi, wani lokacin ma ya suɓuce ya faɗa cikin taɓo. Don a huta da wannan aka ƙera sanda mai bututu biyu.

Bututun biyu suna manne da juna, ruwansu daga bindigar feshi ɗaya yake fitowa. A bakin na farko akwai nozul mai ƙaramin rami, shi ne mai ƙarfi. A bakin na biyu akwai mai faffaɗan rami. A gefen sandar kuma akwai mariƙi da ake murzawa, cikinsa bawul ne da ke buɗe hanyar bututu na biyu ko ya rufe ta.

Mutane da yawa suna zaton ɗayan bututun na ruwa ne, ɗayan na sabulu. Ba haka ba ne, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ta sayen kayan gyara a banza. Famfon injin wankin yawan ruwa kawai yake turowa. Ƙarancin ramin nozul ne yake matse ruwan har ya yi ƙarfi. Idan ka rufe mariƙin, duk ruwan zai bi ta ƙaramin rami. Idan ka buɗe, ruwa ya sami babbar ƙofa, sai matsin ya faɗi a cikin tiyo gaba ɗaya. Can kusa da injin, bayan famfo, akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira injekta, wanda siririn tiyon sabulu yake maƙale da shi. Ruwa na ratsa ƙunƙuntar hanya a cikinsa da gudu, gudun ne yake tsotso sabulu daga jarka, amma ba ya tsotsa sai matsin da ke gabansa ya sauka. Ke nan mariƙin da ke hannunka shi ne makunnin sabulu, ko da injin yana nesa da kai. Shi ya sa idan ka buɗe za ka ga kumfa tana fita ta baki biyun.

Wajen zaɓen nozul, launi yana nuna faɗin feshi: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuwa na sabulu ne. A sa kore ko rawaya a bututun ƙarfi, baƙi a na biyu. Ja ba shi da wuri a wankin abin hawa, yana ɓare fenti kuma yana yanka roba. Lambar da ke jikin nozul ma tana da magana. Idan ka ga 25040, ma'anarta digiri 25, girman rami 4.0, wanda ya dace da injin da ke ba da galan 4 a minti, wato kamar lita 15, a matsin psi 4,000 (psi ma'aunin matsi ne). Injektar ma sai ta dace da injin. Mai bayar da galan 3 zuwa 5 a minti yawanci mai ramin milimita 2.1 ake sa masa. A duba kibiyar da ke jikinta ta fuskanci inda ruwa yake tafiya.

Kafin a tayar da injin, a haɗa ruwa, a danne kunamar bindiga har iska ta gama fita. Fara da mariƙi a rufe ka kakkaɓe busasshiyar laka daga tayoyi da garma, domin sabulun da aka zuba a kan taɓo asara ce. Daga nan ka murza ka buɗe. Kumfa ba za ta fito nan take ba. Tiyo mai inci 3/8 da tsawon mita 15 yana riƙe da ruwa kamar lita 1, sai ya fice tukuna, daƙiƙa 4 ko 5 ke nan a injin mai lita 15 a minti, mai mita 30 kuma ninkin haka. Idan ka rufe ma haka ne, ragowar sabulun sai ya ƙare kafin ruwa zalla ya zo. Ana shafa sabulu daga ƙasa zuwa sama, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. A ba shi 'yan mintuna ya jiƙa dattin, amma kada ya bushe. A ranar Afrilu jikin mota yana busar da kumfa kafin ka zagayo, don haka a yi wankin a inuwa ko a bi gefe-gefe.

Amfanin da aka fi mantawa da shi shi ne buɗe mariƙin rabi. Da haka ake sassauta ruwa a kan lagireto, wanda haƙoransa suke lanƙwashewa da wuri, da kacar babur, da wajen boris inda ruwa mai ƙarfi yake korar giris, da wayoyin wuta. A zare tiyon sabulu daga jarka idan ruwa mai laushi kawai ake so.

Idan sabulu ya ƙi zuwa, fara duba nozul na biyu, wataƙila ya toshe ko an sa mai ƙaramin rami, matsin bai sauka ba. Sai injekta: a cikinta akwai ɗan ƙwallo da sifirin da suke maƙalewa, musamman ga masu amfani da garin omo da bai narke ba. A narkar da shi sosai a tace da ƙyalle, kuma bayan aiki a bar injektar ta tsotsi ruwa mai kyau na minti ɗaya. Tiyo mai tsawon gaske shi ma yana hana tsotsa. Idan kuwa ƙarfi ya ragu kuma bututu na biyu yana ɗiga alhali an rufe, yashi ne ya shiga bawul ko zoben robarsa ya cinye. Kada a matse da sifana, a kwance a wanke. Ruwan rijiyar burtsatse da na kududdufi ba ya rasa yashi, shi ya sa matatar da ke bakin shigar ruwa take buƙatar dubawa kullum.

Kada a bar injin yana aiki an saki kunama fiye da minti 2, ruwan da ke zagayawa cikin famfo zai yi zafi ya lalata robobinsa. Kafin a taɓa nozul a kashe injin, a danne kunama matsin ya fita. Idan ruwan ƙarfi ya huda fatar mutum, ko da ramin bai fi na allura ba, a kai shi asibiti nan da nan, domin datti da sabulu sun riga sun shige cikin nama.